Ciwon Injin Alhaji Ari

A duk shekarun da na yi a aikin nan, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da Alhaji Ari ya shigo gidan rediyonmu ya kira ni Malam Amadu. Wanda bai san mu ba zai ce ai girmamawa ce. Ni kuwa da na ji, na san ba lafiya ba. Ni Bafillace ne daga Dakwaro, shi Bamange ne, wato reshen Barebari, haifaffen Gure, kuma kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Tun da aka kawo ni garin nan bai taɓa kirana da sunana ba. Bafillace yake ce mini, in ransa ya yi fari ya ƙara da "mai bin bayan saniya". To ranar da irin wannan mutum ya ajiye wasa ya ɗauko sunanka na yanka, ka san ba shayi ya zo sha ba.

Ku da kuka shigo aikin kwanan nan, bari in fara gaya muku yadda tsarin yake. A gidan rediyon jama'a akwai direkta, akwai masu gabatar da shirye-shirye, akwai kuma teknisiyan, wato ni, mai kula da duk wani abu da ke da waya a jikinsa. Sama da mu duka akwai kwamitin dattawan gari. Su ke zama ƙarshen kowace shekarar aiki su sa hannu a kwantiragin ma'aikata, ko su ƙi. Alhaji Ari tsohon sufeton makarantu ne, kuma a takarda mataimakin shugaban kwamitin ne kawai, amma shugaban ba ya cewa uffan sai ya saci kallon fuskarsa. Mutum ne da ya shafe rayuwarsa yana faɗa wa malamai aji ba sanarwa yana sa muryarsu rawa, kuma ritaya ba ta raba shi da halin ba.

Alhaji yana da wani tsohon ordinater, abin da wasu ke kira kwamfuta, wanda wani Bafaranshe malamin lissafi ya bar masa tun yana ƙaramin malami a Damagaram. Kada ku kawo irin na teburinku a rai. Wannan allon haruffa ne kawai mai kauri, ruwan toka, ba shi da gilashin kansa sai an jona shi da tele, wato talabijin. Ba ya riƙe komai a ka, da an kashe wuta ya manta duk abin da aka koya masa. Don haka abin da mutum ya rubuta, a kaset ake adana shi, kaset irin na waƙa, ta wani ɗan manyeto, wato rakoda, da ake jonawa a gefensa. In za ka yi aiki sai ka sa kaset, ka ba injin umarni, ka zauna kana jira yana zuƙo karatunsa a hankali. Jiran yakan isa a dafa shayi na farko a shanye. In ka sa kaset ɗin a rediyo ka saurara, ba abin da za ka ji sai ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Kuma in an samu tangarɗa ko ɗaya a cikin ƙarar nan, sai injin ya tsaya ya rubuta maka a tele cewa karatu bai yi ba, ka mai da kaset baya ka sake daga farko.

Abin da ke cikin kaset ɗin Alhaji dara ce. Shi da kansa ya rubuta ta, layi bayan layi, da yaren da injinan zamanin ke ji, wanda ake kira Bazik. Gurabe su fito a tele, 'ya'yansa farare, na injin baƙaƙe, su yi ta bugawa su biyu. Babban burinsa shi ne injin nan ya iya dara har wata rana ya cinye shi.

Zuwansa na farko wurina cikin bazara ne, da hantsi. Na hango shi yana tahowa a ƙasa cikin rairayin nan na Gure mai haɗiye takalmi, ya rungumo kwali, tun daga unguwarsu da ke bayan kasuwar dabbobi. Na tarye shi na karɓa, na ce, "Alhaji, duk kabu-kabun garin nan ba wanda ya ɗauko ka a babur?"

Ya ce, "Injin nan ya girme ka, Bafillace. Ba a jijjiga dattijo bisa moto."

Ciwon da ya kawo shi ne karatu ya daina yi. Na yi abin da kowane mai gyara ke yi kafin ya kunna manyeto, na tsoma auduga cikin alkol, ruwan nan na wanke ciwo, na goge ɗan ƙarfen da ke karanta kaset da ƙaramar tayar roba da ke jan zarensa. Na jona da telen ɗakin aiki. Karatu ya tafi sumul, gurabe suka fito. Alhaji ya dube ni, ya dubi injin, ya ce kunyar baƙon wuri ce ta sa ya yi. Ya sha shayi, ya zagi Fulani tun daga kakan kakanninmu, ya yi azahar tare da mu, ya rungumi kwalinsa ya tafi.

Ba a daɗe ba ya dawo, ciwon jiya na nan. Na goge, na jona, ya yi. Ya koma gida ya yi 'yan kwanaki lafiya, sai ga shi kuma. Tun ina dariya har na fara jin haushi, don ni mutum ne da ba na son inji ya raina mini hankali. Na canza robar da ke juya manyeton da wadda na ciro daga wata matacciyar rediyo a ɗakin ajiya. Na sa turnabis, abin kwance noti, na daidaita karkatar ƙarfen karatun, ina juyawa ina sauraren ƙarar har ta fito ras. Na ce ko kaset ɗin ne ya tsufa, na zagaye kasuwa har na samu sabo fil wurin wani tsoho mai sayar da wa'azi, na kwafe masa darar a ciki. Na zargi wutar unguwarsu, na ara masa na'urar daidaita wuta. Duk abin da na yi, injin ya yi biyayya a gabana, ya je gida ya sake kwantawa.

Haka muka yi har damina ta wuce aka fara yankan gero. Sai ranar da na gaya muku ta zo. Ya shigo bai ko kalli tukunyar shayi ba, ya dire kwalin bisa teburina ya ce, "Malam Amadu, biyo ni wurin direkta. Ban iya magana bayan idon mutum ba."

Direktanmu na lokacin, Malam Sanusi, mutum ne mai gudun fitina, yana ganin fuskar Alhaji ya miƙe ya ba shi kujerarsa. Alhaji ya ƙi zama, ya kira shi Mushe, wato Malam da Faransanci.

Ya ce, "Mushe direkta, tun bazara nake zarya da injin da bai kai faifan tuwo faɗi ba, ya gagari mutuminka. To babban injin da ke kai muryarmu garuruwan Kelle da Bune fa, hannun wa muka bar shi? Ko dai bai san aikin ba, ko kuwa ya sani yana yi mini rabin gyara don ya ga tsoho na sintiri. Ko wanne ne, ni ba na sa hannu."

Zargin farko na iya haɗiyewa, na biyun ne ya ƙona ni. Ban taɓa karɓar komai a hannunsa ba, kuma aikin ma ba na gidan rediyo ba ne, mutunci ne kawai. Na buɗe baki zan yi magana, Malam Sanusi ya taka mini ƙafa. Bayan Alhaji ya fita ya ce da ni, "Kwamiti ƙarshen wata zai zauna. Ka gano mini ciwon abin nan, ko da na aljanu ne."

Lokacin ban daɗe da ɗauko iyalina daga Dakwaro ba, yara sun fara sabawa da makaranta, uwargida ta fara sanin maƙwabta. Rashin sa hannun nan ma'anarsa mu sake ɗaure kaya. Saboda darar tele.

A nan ne na nemi taimakon masu sha'awar tsoffin injina. A intanet akwai zaurensu, yawancinsu tsofaffin Turawa ne da suka yi ritaya, ba su da aiki sai tayar da injinan ƙuruciyarsu daga kabari. Na rubuta musu bayani da Faransanci, na ɗora hotuna. Suka yi caa a kaina da murna, don ba su taɓa jin irin injin nan na raye a bakin Sahara ba. Wani ya ce zafi ne, wani ya ce yashi ne, wani ya ce in cire wasu ƙananan kayan ciki in dasa sababbi, kamar a Gure tsinto su ake yi ƙarƙashin bishiya. Biyu daga cikinsu suka bar maganata gaba ɗaya suka kama faɗa kan ko injinan Faransa sun fi na Ingila, har ɗaya ya yi fushi ya fita zauren. Na ce ashe kowace ƙasa da Alhaji Arinta.

Can ƙasan surutun wani tsohon mai gyaran tele ya jefo mini tambaya ɗaya. Ya ce in na goge ƙarfen, da wane launi audugar ke fitowa? Na tsaya na tuna. Na ce ja-ja, kamar ruwan goro, kuma da ɗan danƙo. Ya ce wannan ba tsatsa ba ce, ba kuma ƙurar kaset ba, hayaƙi ne. Ya sha ganin haka a gidajen masu shan lofe. Ya ƙara da cewa in daina gogewa kafin in gwada, don shaidar nake sharewa da hannuna.

Alhaji dai bai daina zuwa ba, tunda duk Gure ba wani mai gyaran sai ni da ya kai ƙara. Da ya sake kawo kwalin, na tattara ƙarfin hali na ce, "Alhaji, kar ka ga rashin kunyata. Ko kana ɗan taɓa taba in kana aiki?"

Ya yi mini kallon da na tabbata shi yake yi wa malamin da ya zo aji ba shiri. Ya ce, "Rabin rayuwata na yi ina kama malamai da sigari bayan aji. Yau kuma gyaran ya koma binciken halina?"

Na ba shi haƙuri, na roƙe shi ya bar mini kayan zuwa gobe. Da ya fita na jona ban goge ba, karo na farko injin ya ƙi yi a gabana. Na ji daɗi kamar an yi mini albishir. Na goge da busasshiyar auduga, ba alkol, na kai hanci. Turaren wuta ne, mai kyau kuwa, irin na matan Mangawa da ake haɗawa da itace da ƙaro da mai da sukari.

Za ku ce ta yaya hancina bai kama ba tun tuni. To ku da kuka zauna Gure kun sani, duk abin da ya fito daga gidan da ke da mace a garin nan ƙamshin nan yake yi. Rigar Alhaji na yi, hularsa na yi, kwalin ma na yi. Hanci ya saba har ya daina kawo rahoto.

Washegari na ce masa ina so in duba wayoyin wutar ɗakinsa. Muka tafi a ƙasa, yana gaba ina biye da kwali. Ɗakin tsaf yake, littattafai jere, tele rufe da kyalle. Na yi ta shinshine-shinshine kamar mai neman mushen ɓera. Na shafa gilashin tele, ba danƙo. Na shafa bayan littattafai, babu. Allon haruffan ma lafiya lau. Manyeton kaɗai ne, da na juya shi na ga ƙasansa ya yi duhu, cikinsa kuwa kamar an shafa masa zuma. Hayaƙin da ya cika ɗaki ba ya zaɓen abu ɗaya ya bar saura. Wannan ɗaukarsa aka yi, aka buɗe masa baki, aka ɗora shi bisa kasko.

Da zan fita na ratsa tsakar gida don in gaida matarsa, Hajiya Fanna. Tana zaune a tabarma tana tsinkar zogale, ga kwandon nan da mata ke kifewa bisa kaskon turare su shanya tufafi yana jingine da bango. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi iyali. Sai na rage murya na ce, "Hajiya, turarenki akwai kama jiki. Har ƙarfe yana kamawa."

Hannunta bai tsaya da tsinkar ganye ba. Ta ɗaga murya yadda zai ji daga ɗaki ta ce, "Alhaji, ara mini Bafillacen naka ya duba mini rediyona, tashar Damagaram ta ɓace mini."

Daga ciki ya ce, "Ba ki tausayin rediyon ke nan."

Ta miƙo mini rediyon, lafiyarsa ƙalau, ta ce in riƙa murɗawa don a ji ƙara. Sannan ta dube ni ta ce, "Ɗana, ka daɗe ba ka gano ba. Na ɗauka tun damina za ka zo."

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce, "Hajiya, aikina ne fa ke shirin tafiya."

Ta ce ta sani, kuma abin ya dame ta, amma in saurara. Alhaji yana da amini, Malam Bukar, wanda suke buga dara tare kowace la'asar tun suna samari. Bara Allah ya yi masa rasuwa. Tun daga sadakar arba'in Alhaji ya shiga ɗakin nan ya jawo tsohon injinsa daga ƙarƙashin gado, bai sake fita ba sai masallacin ƙofar gida. Ko takardun kwamiti sai dai a kawo masa. Ƙafafunsa suka kumbura, ga ciwon sukari. Lokotoro, wato likita, ya ce ya riƙa tafiya kullum, Alhaji ya ce lokotoron ai ɗalibinsa ne, kuma ko a aji ba ya ja. 'Ya'yansa suka yi ta waya daga Yamai, ya daina ɗauka.

Ta ce, "Na farkon wallahi ba da niyya na yi ba. Abin warin ɓera yake, na ce bari in ɗan turara shi yana barcin rana. Da safe na ji yana ta faɗa da shi. Can sai na ga mutum ya sa takalmi ya rungumi kwali ya fita. Ya dawo bayan azahar jiƙe da gumi, ya cinye tuwo ya nemi ƙari, ya zauna nan inda kake yana ba ni labarin wautar Fulani har magariba. Rabon da in ji dariyarsa tun Malam Bukar na da rai. To kai in kai ne, sai ka ajiye kaskon?"

Na ci gaba da murɗa rediyo.

Ta ce, "Ba zan ce ka rufa mini asiri ba, kana da iyali. In ka faɗa mishi aikinka ya tsira. Zai yi mini faɗa na kwana biyu, wannan ba komai, na saba. Sai ya sa wa ɗakin kwaɗo, in koma kallon ƙeyarsa ta taga. Kai ne mai karatun injina, ka duba abin da ya fi."

Na fito gidan nan da amsar da na yi wata da watanni ina nema, kuma ta zame mini kaya. Gaskiya na so in faɗa. Na so in tsaya gaban kwamiti in ɗaga audugar nan sama, in ce wa tsohon sufeto ciwon da ya kai ni ƙara a kansa daga tsakar gidansa yake fitowa. Har yadda zan jera maganar na shirya, da inda zan ɗan yi shiru don ta shige shi. Amma duk lokacin da na kai ƙarshen jawabin a raina, sai in ga ƙafafun nan nasa da na lura da su ranar da muka tafi tare, yadda takalmin da ya yi masa kaɗan a bazara yanzu yake shiga ba gardama. Ƙarya kuma ba zan yi wa dattawa ba.

Ranar zaman kwamiti aka kira ni. Dattawa na zaune, Malam Sanusi na gefe yana share gumi. Alhaji ya ce, "To, Malam Amadu, an gano?"

Na ce, "Alhaji, abin da zan iya faɗa gaban kwamiti shi ne, duk ranar da injin nan ya kwana a hannuna yana aiki. In ya kwana a gida, ba ni da iko da shi. Shawarata a bar shi nan. Akwai kusurwa a ɗakin aiki da tsohuwar tele da ba a amfani da ita, in direkta ya yarda. Duk sa'ar da ka so ka zo ka yi aikinka. In ya ƙi yi ko sau ɗaya a nan, kada ka sa hannu."

Ya ce, "Ban tambaye ka inda zai kwana ba. Na ce ka gano ciwon?"

Na ce, "Ba ni da sunan ciwon da zan ba kwamiti."

Ya juya ga dattawan ya ce, "Kun ji. Ya kasa."

Saura kaɗan in tona asirin. Audugar na cikin aljihuna a ƙulle cikin takarda, ina jin ƙamshinta. Na sunkuyar da kai na ce, "Yadda ka gani, Alhaji."

Ina jin wannan sunkuyawar ce ta yi masa daɗi, don sufeto ba abin da yake so kamar malami ya amsa gazawa. Ya ce a jinkirta sa hannun zuwa wata mai zuwa, zai zo da kansa kullum ya ga ƙarshen cika bakina. Shugaban kwamiti ya dubi fuskarsa, ya ce haka za a yi.

Ya kuwa zo kullum, da hantsi, a ƙasa, yana fatan ya kama ni. Injin bai ba shi wannan daɗin ba ko sau ɗaya. Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne jama'a. Gidan rediyo wurin shige da fice ne, masu cigiyar raƙumi, masu sanarwar biki, masu kawo gaisuwa. Kowa ya leƙo ya ga dara a tele sai ya tsaya. Wani mahauci ya nemi a bar shi ya gwada, ya cinye injin kafin shayi ya huce. Wani Buzu da ya zo cigiya shi ma ya cinye shi. A nan muka gane injin Alhaji bai iya dara ba ko kaɗan, Alhaji kaɗai ke barinsa ya ɗan ja numfashi. Alhaji ya ce ba laifin injin ba ne, akwai dabarar Malam Bukar da bai gama koya masa ba. Mahaucin ya ce wace dabara? Alhaji ya ce a tele ba za ka gane ba, fito waje. Suka fita gindin dogon yaron da ke ƙofa, ya tattare riga ya tona gurabe a rairayi da yatsa, aka tsinto tsakuwa da tsinke.

Tun daga ranar tsarin ya zama haka. Ya zo, ya sa kaset, ya ce zai jira karatu a waje. Karatu ya gama, gurabe su fito a tele su yi ta jiransa, shi yana can gindin bishiya yana daka wa mahauci tsawa. Ƙarshen wata ya sa hannu a tsaye, bai ko karanta ba, don ana kiransa wasa ya zo kansa. Yana miƙo mini alƙalami ya ce, "Riƙe, Bafillace. Allah ya taimake ka injin na da kunya." Ban taɓa jin daɗin sunan nan kamar ranar ba.

A makon ne Hajiya Fanna ta aiko wa matata da kwalbar turare, da saƙon cewa a gaya wa maigida kada ya kai shi wurin aiki.

Har yau in an yi baƙi a gidan rediyo, Alhaji ne ke zagayawa da su, kuma in ya iso kaina abu ɗaya yake faɗa: "Wannan shi ne teknisiyanmu. Yaron kirki ne, sai dai akwai ciwon da ya gagare shi." Baƙi su yi dariya, ni ma in yi, ko da yake wani lokaci sai na cije leɓe. Wanda kuma ya ga dama a cikinku ya kai masa wannan labarin, ba zai yarda ba, don bai taɓa yarda da maganar Bafillace ba.

Abin da na koya, kuma nake so ku riƙe, guda biyu ne. Na farko na hannu ne: in an kawo muku inji, ku gwada shi yadda ya zo kafin ku goge komai, ku duba, ku shinshina. Na biyu ya fi wuya. A makaranta an koya mana cewa aikinmu mu gano ciwo mu faɗa. Ba a gaya mana cewa inji a gidan mutane yake zaune ba, kuma wani lokaci lalacewarsa tana yi wa wani aikin da lafiyarsa ba ta yi. Kafin ku yi shelar abin da kuka gano, ku tambayi kanku wa zai kwana da shi.

Da sanyin bara Alhaji ya ce gwiwoyinsa sun gaji da rairayi, ya kwashe kayansa ya mai da gida, duk lallashin da muka yi ya ƙi. Gindin bishiya ya yi tsit. Ni kuwa na sayo sabuwar kwalbar alkol na ajiye. Mako bai cika ba na hango shi da hantsi yana tahowa, rungume da kwali, yana faɗa tun daga nesa. Ya dire shi bisa teburina ya ce, "Bafillace, ciwon nan da ka kasa ganowa ya dawo."

Na buɗe kwalin, ƙamshi ya cika ɗakin aiki. Na ce, "Ikon Allah. Je ka gindin bishiya, Alhaji, mahauci na jiranka. Wannan zai ɗauki lokaci."